Kuɗin goron da muke yi wa mata-maza

A kasuwar shanu ta Adumri na fara jin wannan ilimi, daga bakin mutumin da bai taɓa zama a aji ba. Na raka kawuna zai sayi karsana. Muka ga wata ja mai sheƙi, ƙirji a buɗe, wuya kamar na ɗan bijimi, kuɗinta kuma da sauƙi. Kawu har ya taya. Sai wani dattijon Bafulatani da ke gefe, sanda a kafaɗa, ya zagaya bayanta, ya ɗaga wutsiya, ya sunkuya ya dubi hantsa, ya ce wa dillali: "Tagwaye aka haife ta, ko? Ita da namiji?" Dillali ya hau gyaran hula. Dattijon ya juyo wajen kawu ya ce: "Alhaji, in nama kake so ko huɗa, saya. In 'ya'ya da nono kake nema, bar ta. Wannan har ta mutu ba za ta ɗauki ciki ba."

Gaskiya ya faɗa. Idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, a cikin goma kusan tara macen juya ce. Dalili shi ne tun suna ciki jijiyoyin jinin mabiyyarsu kan haɗe, jinin ɗan maraƙin ya riƙa ratsa jikin 'yar'uwarsa, ɗauke da sinadaran da ke gina namiji. Sai mahaifarta ta tsumbure, ma'ajiyar ƙwanta ta ƙi girma, ta tashi da ƙirar sa. Wani Ba'amurke, Frank Lillie, shi ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1916, bayan ya yi ta tattaro mahaifun shanu daga mahautar Chicago yana buɗewa. Makiyayin Adumri bai san Lillie ba, amma ya san karsanarsa, kuma ban ga ya tofa yawu ko ya nemi tsari ba. Ya dai faɗi amfaninta da inda ba ta da amfani, ya wuce.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, kuma abin da ya sa na ɗauko labarin karsana wani abu ne da ya faru a lungunmu. Matar wani maƙwabcina ta haihu a gida. Ungozoma ta fito babu guɗa. Aka ce mata: "Inna, me aka samu?" Ta ce: "Allah dai Ya raya." Kafin la'asar mata sun fara raɗe-raɗi a bakin famfo. Aka kira wanzami ya duba, ya ce namiji ne, 'ya'yan marainansa ne ba su sauko ba, za su sauko. Ranar bakwai aka yanka rago aka raɗa sunan namiji, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Kwana goma sha biyu jariri ya fara amai, ya ƙi kama nono, maɗigarsa ta faɗa. Aka ce baki ne, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Kwana goma sha shida aka kai shi makwancinsa. Abin da na ji wani matashi ya faɗa a wajen zaman makoki shi ya tsaya mini a rai har yau: wai gara da Allah Ya ɗauke shi, da ya rayu ɗan luwaɗi zai zama.

A nan ne matsalarmu take. Abubuwa uku ne mabambanta muka yi wa kuɗin goro. Akwai mata-maza, wanda zancensa zancen ƙirar jiki ne tun daga ciki. Akwai ɗan daudu, wanda zancensa na ɗabi'a ne da magana da sana'a. Akwai kuma luwaɗi da maɗigo, zancen sha'awa da aiki. Mutum zai iya kasancewa a ɗaya bai kusanci sauran biyun ba. Malamanmu na da sun rarrabe su tsaf, kimiyya ma ta rarrabe su. Mu ne 'yan zamanin wayar hannu muka cakuɗa, har jaririn kwana sha shida ya samu rabonsa na zagi.

Bari mu fara da jiki. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshin bayanan gado, an jera su biyu-biyu. Biyu daga ciki su ne na jinsi: yawanci mace XX, namiji XY. Wata mata ce ma, Nettie Stevens, ta gano wannan a 1905, a jikin tsutsar gari. Abin da ɗalibaina ke mamaki kullum shi ne, har mako shida da shigar ciki, ɗan tayi ba shi da siffar mace ko ta namiji. Tsoka iri ɗaya ce a jikin kowa, wadda za ta iya zama maraina ko ma'ajiyar ƙwai. Bututu ma kashi biyu ne, na mace da na namiji, duka a ajiye. Abin da zai zama azzakari shi ne dai zai zama ɗan tsaka.

A mako na bakwai wata ƙwayar gado da ke kan Y, mai suna SRY, wadda aka gano a Landan a 1990, ita ke buga ƙararrawa. Sai tsokar nan ta zama maraina. Maraina su fitar da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a jiki, iri biyu: ɗaya ya share bututun mace, ɗaya, wato testosteron, ya raya na namiji. Daga nan wani sinadari ya juya testosteron zuwa wani mafi ƙarfi, shi ne ke ƙera al'aurar waje. Sannan dole jiki ya kasance yana da kunnen jin saƙon waɗannan homon. Ka ga tsani ne mai matakai da yawa. A kowane mataki ana iya samun sauyi, kuma kowane sauyi da irin jikin da yake haifarwa.

Wanda ya fi kamata kowace ungozoma da kowace kaka ta sani shi ne wanda alamunsa suka dace da jaririn lungunmu. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da homon masu riƙe gishiri da sukari da ƙarfin bugun jini. A wasu jarirai, kusan ɗaya cikin 15,000, tsokar ba ta iya haɗa waɗannan, sai kayan haɗin su karkata su zama homon na maza. Idan jaririyar XX ce, cikinta mace ce cikakkiya, da mahaifa da ƙwai, amma ɗan tsakanta ya girma, leɓɓan farji sun haɗe kamar jakar maraina wadda ba komai a ciki. Sai a ce namiji ne. Haɗarin ba a siffar yake ba, a gishirin yake. Tsakanin mako na ɗaya da na uku jiki kan zubar da gishiri ta fitsari, amai ya zo, jariri ya bushe, zuciya ta tsaya. Maza masu wannan lalura sun fi shiga haɗari, don al'aurarsu daidai take, babu abin da zai sa a yi zargi. Maganin kuwa ƙwaya ce da ake sha kullum, kuma yarinyar da aka gano da wuri tana iya girma ta yi aure ta haihu. Gado ne daga uwa da uba duka biyu, kowannensu lafiyarsa ƙalau. Idan dukansu suna ɗauke da shi, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ya fi yawa inda auren zumunci ya yi yawa, kuma kun san yadda muke a nan Arewa.

Akwai kishiyar wannan. Yarinya XY ce, tana da maraina a ɓoye a ciki, suna fitar da testosteron, amma jikinta ba ya jin saƙon ko kaɗan. Sai ta fito mace, ta girma mace, ƙirji ya cika, murya ta mata. Ba a sanin komai sai an ga shekaru sun ja ba ta fara al'ada ba, ko an yi aure shiru-shiru, a je asibiti a tarar babu mahaifa. Mata nawa aka yi wa kishiya, aka kai gidan boka, aka ɗura wa sassaƙe, alhali wannan ne?

Na ukun shi ya fi ɗaure kai. A wani ƙauye mai suna Las Salinas a Jamhuriyar Dominika, likita Julianne Imperato-McGinley ta tarar da yara da ake haifa da siffar mata, a rene su a matsayin mata, sai sun kai shekara goma sha biyu murya ta buɗe, ƙwanji ya fito, azzakari ya girma, maraina su sauko. Ta wallafa bayaninsu a 1974. XY ne, sinadarin nan mai ƙarfafa testosteron ne babu a jikinsu, sai ambaliyar homon ta balaga ta ƙarasa aikin da aka bari. A cikin 18 da ta bibiya waɗanda aka rena a matsayin mata, 17 sun koma ɗaukar kansu maza. Mutanen ƙauyen sun saba har suna da sunan da suke kiran irin waɗannan yara. In kun taɓa jin labarin "budurwa ta rikiɗa ta zama namiji" a rediyo, aka ce aikin aljanu ne ko asiri, to ku tuna da wannan ƙauye.

Ban da waɗannan akwai maza masu XXY, kusan ɗaya cikin 600, da yawansu ba sa sani sai neman haihuwa ya kai su gwaji, da mata masu X guda ɗaya tak. Yawan mata-maza gaba ɗaya kuwa ya danganta da wa aka ƙirga. Masaniyar halittu Anne Fausto-Sterling ta haɗa kowane irin bambanci ta ce kashi 1.7 cikin ɗari. Likita Leonard Sax ya ce ta faɗaɗa da yawa, ya kawo kashi 0.018. Abin da likitocin yara suka fi aiki da shi: jariri ɗaya cikin kusan 4,500 ake haifa da al'aurar da ba a iya yanke hukunci a kanta da ido. Kenya ta saka su a ƙidayar 2019 ta samu mutum 1,524, a ƙasar da ake ɓoye abin kamar yadda muke ɓoyewa.

To, duk wannan ba baƙon abu ba ne a zauren malamai. Wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Halil, littafin da ake karantawa daga Marwa har Abeche, ya san da me aka rufe shi. Mas'alar ƙarshe ta littafin gaba ɗaya ita ce gadon hunsa, wato mata-maza. Shehu Halil ya jero alamomin da ake dubawa: ta wace kafa fitsari ke fita, in ta duka biyu ne wacce ta fi yawa ko ta riga, ko gemu ya tsiro, ko nono ya fito, ko haila, ko maniyyi. In an samu ɗaya, sai ya ce "fala ishkala", babu sauran rikitarwa, kuma da wannan kalma littafin ya ƙare. Malamai kan ce da gangan ya zaɓe ta. Dubawa ce irin ta likita, da kayan aikin ƙarni na 14.

Dabarar fitsarin ma ta girmi Musulunci. A Sira an kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa a jahiliyya, da aka kawo masa wannan shari'a ta hana shi barci. Baiwarsa Suhaila, mai kiwon tumakinsa, ta ga yana ta juyi ta tambaye shi. Da ya faɗa mata sai ta ce hukunci ya bi mafitsara. Makiyayiya ce ta warware wa alƙali, kamar dai dattijon Adumri da kawuna.

In alamu suka ƙi rarrabewa, shi ne hunsa mushkili, kuma ba a kore shi daga gado ba. A mazhabar Malikiyya ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Misali mutum ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da hunsa ɗaya. Da namiji ne zai ɗauki rabi, da mace ce sulusi. A haɗa a raba biyu: dukiya ta kasu 12, hunsa ya ɗauki 5, ɗan'uwansa 7. A sallar jam'i ma an ba shi wuri, tsakanin sahun maza da na mata. Dubi wannan da kyau. Mutanen da suka zauna suka yi wa mutum lissafin gadonsa har da ɓurɓushi, suka tanadar masa gurbi a masallaci, ba su ɗauke shi abin la'ana ba. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta yi wa hunsa magani da tiyata don kawar da rikitarwar, ta kuma hana hakan ga wanda halittarsa ta cika a jinsi ɗaya.

Hatta zancen namiji mai ɗabi'ar mata sun raba shi biyu. Hadisin la'antar maza masu kwaikwayon mata sananne ne, kowa na kawo shi. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne sharhin Imamu Nawawi, wanda ya ce akwai wanda haka aka halicce shi, tafiyarsa da muryarsa ba ƙirƙira ya yi ba, wannan babu zargi a kansa babu zunubi. La'anar tana kan mai yi da gangan. A Madina akwai irinsu, suna shiga wajen mata, har ranar da Annabi (SAW) ya ji ɗayansu yana siffanta wa ɗan'uwan Ummu Salama jikin wata 'yar Ɗa'ifa, ya hana shi shiga. A Sunan Abu Dawud kuma an kawo wani da ya yi lalle hannu da ƙafa, aka fitar da shi bayan gari. Da aka nemi izinin kashe shi, Annabi ya ce an hana shi kashe masu salla.

Mu leƙa daji da gona, a gurguje. Ƙadangaren da ke gyaɗa kai a katangar gidanku, a jikinsa aka fara gano cewa zafi na iya zaɓar jinsi: Madeleine Charnier ce ta gani a Jami'ar Dakar a 1966, ƙwan da ya sha ɗumi ya fi ba da maza. Kadan Binuwai ba shi da X ko Y sam. Yashin da uwa ta binne ƙwai in ya tsaya wajen digiri 32 zuwa 34 maza za su fito, in ya yi ƙasa ko ya haura, mata. Masu kiwon karfasa sun san namiji ya fi saurin girma, shi ya sa a wuraren ƙyanƙyasa ake ba 'ya'yan kifi abinci mai homon a makonnin farko, kusan duka su tashi maza. A teku akwai kifayen da in babbar macen garke ta mutu, mijinta ya juye ya zama mace. Kaza da ɓangaren hagu kaɗai take yin ƙwai. In ciwo ya lalata shi, na dama ya farka ya soma fitar da homon na maza, sai ka ga tsohuwar kaza ta yi zanko tana cara. Mu kan ce mugun abu ne a yanka ta, alhali ciwo ne ya taɓa ta. Gwanda akwai mace, akwai namiji, akwai mai haɗe da duka biyu, kuma ita manoma suka fi so. Dabino sai an ɗauko garin namiji an kai wa mace, aikin da mutanen Faya ke hawa bishiya suna yi duk shekara. Namijin zuma kuwa ba shi da uba, daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa.

Sai kura. Tun zamanin Girkawa ake cewa mata-maza ce, ko wai bana namiji baɗi mace, har Aristotle ya ƙaryata zancen amma bai mutu ba. Gaskiyar ta fi tatsuniyar ban mamaki. Macen kura mai dabbare-dabbare, irin ta Waza da Zakuma, ta fi namiji girma, ita ke mulkin garke, ɗan tsakanta kuma ya yi tsawon azzakarin namiji har da abin da ya yi kama da maraina. Ta nan take fitsari, ta nan ake barbararta, ta nan take haihuwa, shi ya sa 'ya'yan fari da yawa kan mutu a hanya. Mace ce cikakkiya, ƙirarta ce haka.

Yanzu ga inda gardama ke zafi, wato zancen luwaɗi da maɗigo. A majalisa za ka ji an ce: "Ko dabba ba ta yin wannan." Wannan magana ba daidai ba ce, kuma duk wanda ya yi kiwon ragunan layya ya sani. An rubuta ganin namiji na neman namiji ko mace na neman mace a nau'in dabbobi sama da 1,500. A binciken da aka yi a Amurka, kusan raguna 8 cikin 100 sukan bar tunkiya mai neman barbara su nufi rago, ko da an ba su zaɓi. A wani tsibirin Hawai an tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na sheƙunan wani tsuntsun teku mata biyu ne ke kwanci da renon ɗa. Masanan ma sun daɗe suna kawar da kai. George Murray Levick, likitan da ya bi tawagar Scott, ɗan binciken Birtaniya, zuwa ƙanƙarar kudancin duniya, ya ga irin wannan a wajen tsuntsayen fengwin a 1911, abin ya girgiza shi har ya rubuta wani sashe da haruffan Girkanci don kada kowa ya karanta. Sai a 2012 aka wallafa takardar.

Sai dai masu ɗauko wannan su ce "tunda dabba na yi, ke nan daidai ne" su ma sun zame. Zaki in ya ƙwace garke yakan kashe 'ya'yan wanda ya kora. Kaza na cin ƙwanta. Daji ba ya ba da fatawa, ko ta halas ko ta haram. Abin da kimiyya ke iya faɗa shi ne abu yana nan ko babu, da yadda yake faruwa. Game da mutane, bincike mafi girma shi ne na 2019, a kan mutum kusan 470,000: ba a samu wata ƙwayar gado guda da ke sa sha'awar jinsi ɗaya ba, an samu gado yana da hannu ta ƙwayoyi masu yawa, kowacce da ɗan tasiri kaɗan, ta yadda ba za a iya duba jinin mutum a ce ga abin da zai zama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a ranar 17 ga Mayu, 1990. Hukuncin addini a kan aikin kuwa sananne ne, ba aikin ɗakin gwaji ba ne, ni kuma ba mufti ba ne.

Ɗaya maganar da ake yawan yi ita ce Turawa ne suka kawo mana. Kalmar ɗan daudu dai ba daga Faransanci ta zo ba. Tana da alaƙa da bori, musamman iskan nan Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta. Ina yaro akwai wani a kusa da tasha, ɗaure da zane a ƙirji, yana soya kaji, bakinsa kamar reza wajen habaici. In ana biki a manyan gidaje shi ake kira ya kama girki, kuma yana da mata da 'ya'ya, yana zuwa Juma'a. Ana yi masa dariya, malamai na yi masa wa'azi, amma ban taɓa ganin an ɗaga masa hannu ba. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990 ya fitar da littafi a kansu a 2009, ya tarar da haka: wasunsu na harka da maza, wasu ba sa yi, kuma da yawan masu harkar ba 'yan daudu ba ne, ba ka gane su a hanya.

Abin da za a iya bin sawunsa da kwanan wata shi ne dokokin hukunta luwaɗi. Ingila ta shuka tata a ƙasashen da ta mallaka, tun daga Indiya a 1860, har Najeriya. Faransa kuwa ta cire wannan daga laifuka tun 1791. A Kamaru sai a 1972, zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan garin nan, aka shigar da shi kundin hukunta laifuka. A kundin 2016 shi ne sashe na 347-1, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. Cadi ba ta da irin wannan doka sai a 2017: sashe na 354, wata 3 zuwa shekara 2. Su Turawan da ke mana wa'azi yau, jiya suka bar nasu. Jamus, wadda ta mallaki Kamaru daga 1884, tana da irin wannan doka, sashe na 175, tun 1871, ba ta goge shi gaba ɗaya ba sai 1994. Likita Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar nazarin jinsi a Berlin a 1919, inda aka tara bayanan mata-maza da sauransu. A watan Mayun 1933 'yan Nazi suka fasa ta suka ƙona littattafan a dandali. Ingila ta hukunta Alan Turing, ɗaya daga iyayen ilimin kwamfuta, saboda luwaɗi a 1952, ta tilasta masa shan homon, bayan shekara biyu aka tsinci gawarsa.

Babu ɗaya cikin dokokin nan da ta ambaci mata-maza. Amma taron 'yan unguwa ba ya karanta sashe. A watan Nuwamban 2021 a Yawunde wasu suka tare wani mutum mata-maza, suka tuɓe shi, suka yi ta dukansa na sa'o'i, suna ɗauka a waya suna yaɗawa. Mutum ɗaya kotu ta ɗaure, wata shida. Wanda aka daka ɗin, a littafin Shehu Halil yana da kaso 5 cikin 12.

Cakuɗawar ba ta tsaya a kanmu ba, har filin wasanni ta kai. A 1985 aka yi wa 'yar tseren Sifaniya María José Martínez-Patiño gwaji a Kobe ta Japan aka ga XY. Irin matan nan ce da jikinsu ba ya jin testosteron, wato ba ta ƙaru da komai ba, amma ta rasa lambobinta da tallafin karatunta da saurayin da zai aure ta, sai a 1988 aka wanke ta. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu a 2009 ta shiga irin wannan rikici. 'Yar maƙwabtanmu Aminatou Seyni ta Nijar dokar da ta ƙayyade yawan testosteron a jikin mata 'yan tsere ce ta raba ta da tseren mita 400, ta koma 200, ta kuma zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. Zancen adalci a tsere yana da wuya, ban raina masu jayayya a kai ba. Abin da na ƙi shi ne yadda ake kiran matan nan maƙaryata, alhali ungozoma ce ta ce mata ne, haka aka rene su.

Likitoci ma sun yi nasu kuskuren, na gaggawa. Shekaru da dama ana bin ra'ayin John Money na Amurka cewa in aka yi wa jariri tiyata da wuri aka rene shi a kowane jinsi zai zauna a kai. Hujjarsa wani yaro ne ɗan Kanada, David Reimer, da kaciya ta lalata wa gaba aka mayar da shi mace. A 1997 aka fallasa cewa yaron bai taɓa yarda shi mace ba ne, ya koma namiji tun yana ɗan shekara 14. A 2004 ya kashe kansa. Yau abin da ƙwararru suka fi karkata a kai shi ne a fara da abin da ke barazana ga rai, gishiri da hanyar fitsari, a yi gwajin jini da hoton ciki, a zaɓi jinsin reno bisa abin da gwaji ya nuna, yankan da ba a iya mayarwa kuma a yi hattara da shi. Malta ta hana irin wannan tiyata ba da yardar mai jikin ba tun 2015. A wajenmu gaggawar ba ta likita ba ce, ta ranar suna ce. Kwana bakwai ne kawai, ga rago an ɗaure, ga dangi sun taho daga Gidar da Kusuri, kowa na jiran a faɗa masa mace ko namiji.

Bayan shekara uku matar maƙwabcin nan nawa ta sake haihuwa, jaririn kuma siffarsa ɗaya da na farko. Da asuba mijin ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce: "Malam, abin nan ya dawo." Na ce masa ya lalubi jakar a hankali, in bai ji 'ya'yan maraina ba kada ya jira wanzami. Muka biya wajen liman, don tsohuwarsa ta kafe sai an yi suna tukuna. Liman ya saurare mu har ƙarshe, ya ce: "Ku tafi asibiti. Ragon ba zai gudu ba." Daga asibitin nan aka aika jini Yawunde, aka fara ba ta magani tun kafin sakamako ya dawo. Mace ce. An yi sunan ba taro, kakar ba ta zo ba, sai daga baya ta sauko.

Yanzu tana aji biyu a firamare. Ƙwayoyinta suna cikin wani gwangwanin madara a saman kwaba, ana ɓallawa ana ba ta sau uku a rana, in zazzaɓi ya kama ta a ninka. Wani watan maganin kan yanke a kantunan garin nan, sai uban ya bi direbobin Ngaundere da saƙo.